TARIHI: Hans Ledwinka, injiniyan da aka biya diyyar fasaharsa a kan motar Beetle, kuɗin suka wuce shi

Dattawan makanikai a Fagge da tsofaffin masu sayar da kayan gyaran mota a Sabon Garin Kano ba sa buƙatar a yi musu bayanin Volkswagen Beetle. Mota ce 'yar dunƙulalliya, injinta a baya, wurin zuba kaya a gaba, ba ta da lagireto balle a ce ruwa ya tafasa a zafin bazara. A shekarun 1970 da 1980 ita ce motar malamin makaranta da akawu da ƙaramin ma'aikacin da ya samu bashin mota. Kowa ya san 'yar Jamus ce, masu ɗan bincike kuma sun san sunan Ferdinand Porsche, wanda aka ba kwangilar zana ta.

Sunan da ba a cika ji ba shi ne Hans Ledwinka, babban injiniyan kamfanin Tatra na ƙasar Cekoslobakiya. A kan fasahohin da aka yi wa rajista daga ofishinsa aka shafe kusan shekaru talatin ana taƙaddama da Volkswagen, har kamfanin ya biya diyya a ƙarshe.

An haifi Ledwinka ranar 14 ga Fabrairu, 1878, a garin Klosterneuburg da ke gefen birnin Biyana, lokacin daular Ostiriya da Hangare na da ƙarfinta. Bai shiga jami'a ba. Aikin ƙarfe ya koya a wurin wani kawunsa, ya haɗa da makarantar koyon sana'a. A 1897, yana ɗan shekara 19, ya samu aiki a wata masana'anta da ke garin Nesselsdorf a yankin Morabiya, garin da yanzu ake kira Koprivnice. Sana'ar masana'antar a lokacin ita ce ƙera keken doki da taragon jirgin ƙasa, kuma a sashen taragon aka fara ajiye shi.

Shekarar da ya zo ita ce shekarar da kamfanin ya ƙera motarsa ta farko, wadda aka raɗa wa suna Präsident. Yadda aka yi ta abin lura ne ga duk wanda zai bi sauran labarin. Babu wanda ya taɓa ƙera mota a Nesselsdorf, saboda haka sai aka nemo motar Karl Benz ta Jamus aka yi nazarinta, aka sayo injin Benz mai silinda biyu, aka ɗora shi a kan gangar jiki irin ta keken dokin da suka saba yi. A watan Mayun 1898 motar ta yi tafiyar fiye da kilomita 300 zuwa Biyana da ƙafafunta. Wato kamfanin da daga baya zai kai ƙarar wani saboda kwaikwayo, shi ma da leƙen aikin wani ya buɗe ido.

Ba abin kunya ba ne a wancan zamanin. Duk mai ƙera mota yana sayen motar abokin hamayyarsa ya kwance ta kusa-kusa, ya auna, ya zana. A wuraren baje kolin motoci na Paris da Balin, injiniyoyi kan durƙusa su leƙa ƙarƙashin motocin juna da ɗan littafi a hannu. Hanya mafi sauƙi kuma ita ce a zawarci injiniyan wani kamfani da albashi mai tsoka, ya zo da abin da ke kansa. Hatta takardar haƙƙin ƙirƙira, wadda aka yi don kariya, tana da baki biyu. Hukuma na ba mai ƙirƙira ikon hana kowa amfani da dabararsa na wasu shekaru, amma da sharaɗin ya bayyana dabarar a rubuce tare da zane, a buga kowa ya gani. Abokan hamayya sai su karanta, su nemi hanyar da za su cim ma abu ɗaya ba tare da sun taka layin da takardar ta shata ba. Rabin aikin ofishin zane ke nan.

Ledwinka kansa ya yi irin wannan kai-komo. Ya bar Nesselsdorf a 1902 zuwa wani kamfani a Biyana da ke gwajin mota mai tafiya da tururi, ya dawo a 1905 ya karɓi ragamar sashen motoci, ya fitar da shi daga halin ni-'yasu. Yana cikin na farko-farko da suka sa wa mota birki a dukkan tayoyi huɗu. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sake ficewa, ya koma Steyr, kamfanin ƙera bindigogi da ke son shiga harkar mota. Steyr ɗin nan shi ne wanda daga baya aka kafa masana'antar haɗa taraktoci da manyan motoci da sunansa a Bauchi.

Mota mai ƙashin baya

A Steyr ne tunanin ƙaramar mota mai araha, wadda za ta jure wa munanan hanyoyi, ya kama shi. Shugabannin kamfanin ba su yi na'am ba. A 1921 ya koma tsohon gidansa, ya tarar duniya ta sauya: daular ta rushe, garin ya faɗa cikin sabuwar ƙasar Cekoslobakiya, motocin kamfanin kuma sun ɗauki sunan Tatra, sunan duwatsun da ake gwada su a kai.

A 1923 ya fito da Tatra 11. Motocin zamanin ana gina su ne a kan dogayen ƙarafa biyu da aka haɗa kamar tsani. Ledwinka ya watsar da tsanin, ya sa bututun ƙarfe guda ɗaya mai kauri a tsakiya, daga gaba zuwa baya, tamkar ƙashin bayan dabba. Injin yana manne a bakin bututun ta gaba, firfela na juyawa a cikinsa inda ƙura da taɓo ba sa kai mata. Tayoyin baya kuwa kowace da nata hannun, tana hawa da sauka ita kaɗai, ta yadda idan ɗaya ta faɗa rami ɗayar na nan a ƙasa. Injin mai silinda biyu ne a kwance suna fuskantar juna, iska ce ke sanyaya shi ta hanyar fanka. Damuwar Ledwinka ita ce sanyin Turai, inda ruwan lagireto ke daskarewa ya fasa inji a motar talakan da ba shi da gareji. Maganin da ya samo wa ƙanƙara shi ne daga baya ya yi wa direbobin ƙasashe masu zafi rana.

Motar ta karɓu. A 1925 motocin Tatra masu wannan tsari suka lashe ajinsu a tseren Targa Florio da ake yi a tsibirin Sisili. Har yau manyan motocin Tatra a kan wannan bututu ake gina su.

Ko a nan ma ba daga sama komai ya faɗo ba. Dabarar tayoyin baya masu lilo, Edmund Rumpler ne ya yi mata rajista tun 1903, kuma Rumpler tsohon ma'aikacin Nesselsdorf ne da Ledwinka ya yi zamani da shi yana matashi. Abin da Ledwinka ya yi shi ne samo tasa hanyar ta haɗa hannuwan da haƙoran da ke juya su, hanyar da ta bambanta har ta cancanci tata rajistar.

Da shigowar shekarun 1930, hankalin injiniyoyin tsakiyar Turai ya karkata ga abubuwa biyu: mayar da inji baya, da yi wa mota siffar da za ta ratsa iska. Tatra ta gwada hakan a wata ƙaramar mota mai suna V570, wadda ɗan Ledwinka, Erich, da wani matashin injiniya, Erich Übelacker, suka yi aiki a kanta. Samfurin 1933 yana nan a gidan tarihin Tatra a Koprivnice, kuma wanda ya gan shi ba zai rasa tuna Beetle ba: ƙusumbin baya, gajeren hanci, inji mai shan iska a bayan kujeru. Kamfanin bai fitar da ita kasuwa ba, domin wata ƙaramar motarsa, Tatra 57, na ciniki sosai. Sai aka ɗauki dabarun aka zuba a manyan motocin alfarma, Tatra 77 a 1934, sannan Tatra 87 mai silinda takwas, wadda ke kai gudun kilomita 160 a awa.

Siffar ratsa iskar ma tana da mai ita. Paul Jaray, wanda ya yi aiki a kamfanin jiragen Zeppelin, ya yi mata rajista tun farkon shekarun 1920, kuma Tatra ta nemi izininsa ta biya. Babbar matsalar inji a baya ita ce yadda za a kai masa iska mai sanyi a fitar da mai zafi, tunda ba ya fuskantar iskar hanya. A kan wannan Tatra ta tara takardun rajista masu yawa, kuma su ne makamanta a rigimar da ta biyo baya.

Shi da Porsche

Ferdinand Porsche ya girmi Ledwinka da shekara biyu da 'yan watanni. An haife shi a 1875 a yankin Bohemiya, cikin daula ɗaya, shi ma Jamusanci ne harshensa, shi ma bai da digiri. Har kujerar babban mai zane a Steyr ya zauna a kai a 1929, shekaru bayan Ledwinka ya tashi. Sun san juna, suna haɗuwa a wuraren baje koli da tsere, suna tattauna aiki. Marubuta tarihin Tatra sun ruwaito cewa Porsche da kansa ya amince kowannensu kan leƙa abin da ɗan'uwansa ke yi.

A 1931 Porsche ya buɗe ofishin zane na kansa a Stuttgart, ya yi wa kamfanonin Zündapp da NSU samfuran ƙananan motoci masu inji a baya, ba wadda ta kai kasuwa. A watan Yunin 1934 ya samu kwangilar da ta sauya rayuwarsa: motar talakawa da Hitila ke so, mai ɗaukar iyali, mai gudun kilomita 100 a awa, wadda kuɗinta ba zai kai mark 1,000 ba. Wa'adin gajere ne, mai kwangilar kuma ba ya jin uzuri. Porsche bai tsaya Turai kaɗai ba wajen neman dabara. A 1936 da 1937 ya je Amurka, ya zagaya masana'antar Ford da ke River Rouge, ya kuma zawarto ƙwararrun ma'aikata 'yan asalin Jamus daga can.

A daidai wannan lokaci Tatra ta fito da T97, ƙanwar T87. Injinta a baya, silinda huɗu a kwance, iska ke sanyaya shi, tayoyin baya masu lilo, gangar jiki a kan ƙashin baya na tsakiya. Wannan bayanin, kalma da kalma, ya dace da motar Porsche.

Sai dai masu cewa Beetle kwafin T97 ce kawai sun yi gaggawa. Samfuran Porsche suna kan hanya tun 1935 da 1936, lokacin da ita ma T97 ake kan aikinta. Injin T97 ya kusa ninka na Beetle girma, kuɗinta kuma ya ninka sau da yawa. Franz Xaver Reimspiess ne ya zana injin Beetle, Erwin Komenda ya zana jikinta, sandunan ƙarfe masu murɗawa da ke aikin sifirin a cikinta kuma rajistar ofishin Porsche ce. Ga kuma wasu masu da'awa. Josef Ganz, injiniya kuma editan mujallar Motor-Kritik, ya daɗe yana kiran a yi irin wannan mota, kuma motar da ya zana, Standard Superior, an nuna ta a Balin a 1933. Da yake Bayahude ne, 'yan sandan ciki na Gestapo suka kama shi a shekarar, a 1934 ya tsere daga Jamus, aka share sunansa. Béla Barényi kuwa tun yana ɗalibi a tsakiyar shekarun 1920 ya zana mota mai wannan tsari, kuma a shekarun 1950 wata kotu a Jamus ta tabbatar masa da cewa ya riga Porsche.

Abin da ya bambanta Tatra da waɗannan shi ne tana da takardu, tana da lauyoyi, tana kuma wata ƙasa da hannun Hitila bai kai ba tukuna. Ta gabatar da ƙorafe-ƙorafe kusan goma na keta haƙƙin ƙirƙira. Ba siffar motar take ƙara a kai ba, domin siffa ba tata ba ce. Ƙorafinta a kan takamaiman abubuwa ne: hanyoyin iskar sanyaya inji, da yadda aka jera inji da akwatin giya a kan ƙashin bayan mota. An ruwaito cewa Porsche ya karkata ga a sasanta a biya, amma Hitila ya nuna masa ya bar maganar a hannunsa.

Siyasa ce ta kashe ƙarar. Yarjejeniyar Munik ta Satumbar 1938 ta miƙa wa Jamus yankunan bakin iyakar Cekoslobakiya, a watan Oktoba sojojin Jamus suka shiga Koprivnice, a Maris na 1939 suka mamaye sauran ƙasar Cek. Mai ƙara ya koma ƙarƙashin ikon wanda yake ƙara. A 1939 aka dakatar da ƙera T97 bayan an yi guda 508 kacal. T87 kuwa aka bar ta, domin manyan hafsoshin Jamus na son ta a kan sababbin titunansu.

Ba daidai ba ne a ɗauki Ledwinka a matsayin wanda aka zalunta kawai. Ya ci gaba da riƙe muƙaminsa duk tsawon yaƙin, masana'antar kuma ta yi wa sojojin Jamus aiki. A ƙarƙashinsa aka fito da babbar motar Tatra 111 a 1942, mai injin dizal silinda 12 da iska ke sanyayawa, kuma ɗan'uwan wannan injin ne aka sa a wasu motocin sulke na Jamus. A 1944 babbar makarantar fasaha ta Biyana ta ba shi digirin girmamawa. Da yaƙi ya ƙare a 1945, hukumomin Cekoslobakiya suka kama shi bisa zargin haɗa kai da 'yan mamaya. Yana da shekara 67 a lokacin. Shekara shida ya yi a tsare. Gwamnati ta ƙwace kamfanin, mai shi kuma, Hans Ringhoffer, ya mutu a sansanin da Tarayyar Sobiyet ke tsare mutane a gabashin Jamus.

Yana kurkuku ayyukansa na yawo a duniya. A 1947 wasu matasa biyu 'yan Cek, Jiri Hanzelka da Miroslav Zikmund, suka ɗauki T87 suka ratsa Afirka daga arewa har Cape Town, suka keta hamadar Nubiya da ita. Tatra 111 ta zama jakar aiki a Saiberiya. Porsche ma ya ɗanɗana ɗauri a hannun Faransawa, aka sake shi a 1947, ya mutu a Janairun 1951, shekarar da aka saki Ledwinka.

Masana'antar da Hitila ya aza wa tubali a watan Mayun 1938 ba ta ba talaka ko ɗaya motar da ya yi adashe dominta ba, motocin soja ta ƙera. Wani hafsan sojan Ingila, Manjo Ivan Hirst, shi ya tayar da ita daga kango a 1945. Zuwa 1955 an ƙera Beetle miliyan ɗaya.

Diyyar da ta bi takarda

Yawan cinikin ne ya tayar da tsohuwar magana. Magadan Ringhoffer, waɗanda ke zaune a Yammacin Turai, suka ce haƙƙin takardun da aka yi wa rajista a Jamus nasu ne, suka shigar da Volkswagen ƙara a Jamus ta Yamma. An yi ta jan zare a kan wace takarda ce ke da sauran ƙarfi, wace ce wa'adinta ya ƙare. A cikin shekarun 1960 aka sasanta a wajen kotu, Volkswagen ya biya aƙalla mark miliyan ɗaya. Idan aka raba kuɗin a kan adadin motocin da aka sayar zuwa lokacin, abin da ya faɗa kan kowace mota bai taka kara ya karya ba.

Ledwinka bai samu komai ba. Sunansa na kan takardun a matsayin mai ƙirƙira, amma mallakarsu ta kamfani ce, kamar yadda aka saba ga ma'aikacin da ya yi ƙirƙira da kayan aikin maigidansa a lokacin aikinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Dokar Najeriya ta haƙƙin ƙirƙira da zane ta 1970, wadda ke ba da kariyar shekara 20, ita ma a kan wannan turba take: abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aikinsa na wanda ya ɗauke shi aiki ne, sai dai a wasu halaye ya nemi a saka masa.

Bayan sakinsa ya ƙi komawa Tatra. Ya zauna a Ostiriya na ɗan lokaci, sannan ya tare a Munik. Ko a tsufansa rigimar haƙƙi ba ta rabu da shi ba. A tsakiyar shekarun 1950 wani mai masana'anta, Harald Friedrich, ya sayi izinin ƙera wata 'yar ƙaramar mota mai taya uku daga Egon Brütsch, ya tarar jikinta na tsagewa a hanya. Ya kira Ledwinka, mai shekara 77, ya sake mata gini a kan bututun tsakiya da taya huɗu, aka sayar da ita da sunan Spatz. Friedrich ya ƙi biyan kuɗin izini, Brütsch ya kai ƙara, kotu ta ba Friedrich gaskiya. Ɗansa Erich kuma ya koma Steyr, inda ya zana Haflinger, ƙaramar motar daji mai ƙashin baya da inji mai shan iska.

Beetle ta ci gaba da tafiya. A Fabrairun 1972 ta karya tarihin Ford Model T na motoci miliyan 15. A 1975 aka fara haɗa ta a masana'antar Volkswagen da ke Ojo a Legas, shekarar da Peugeot ta fara aiki a Kaduna, daga nan ta cika titunan Kano. Makanikan Fagge suka ƙware wajen sauke injinta cikin ɗan lokaci, shagunan Sabon Gari suka cika da kayanta, na asali da na kwaikwayo, mai saye ya zaɓi daidai aljihunsa. An rufe ƙera ta a Meziko a watan Yulin 2003, bayan an yi sama da miliyan 21.

Ledwinka bai ga wannan ba. Ya mutu a Munik ranar 2 ga Maris, 1967, yana da shekara 89. Bayan 'yan watanni Josef Ganz ya bi shi a Ostireliya, inda ya ƙare rayuwarsa ba wanda ya san da shi. A 1992, bayan faɗuwar mulkin kwaminisanci, Kotun Ƙolin Cekoslobakiya ta sake duba shari'ar Ledwinka, ta wanke shi daga laifin da aka ɗaure shi a kai.